Ƙararrawar Magajin Ellerbeck

Tun watan Afrilu rigar auren take rataye a bayan ƙofar kicin, hannu ɗaya a ɗinke, ɗayan kuwa allurai ne kawai ke riƙe da shi. Hester Pallister ta daina kallonta, amma mahaifiyarta ba ta taɓa wucewa ba ta shafa ta ba.

A wannan safiya Mama tana murza kwaɓin burodi tana juye labarin da ta kwaso a shagon mai nama. Wai matar mai gidan waya ta ƙare wa Lady Ƙarama kallo a coci, ta kuma rantse cikin faɗi ya yi, bai yi tsini ba, faɗi kuwa alamar mace ce.

"Mace, Hester. Kin dai gane. Ki daina yi mini fuskar tunkiyar da ruwa ya doka. Ranar da 'yar likitan dabbobi ta wayi gari Lady Ellerbeck, sai matar Rabaran ta koyi gaishe ni da kyau."

"Mama, mijin Lady Ƙarama fa bai daɗe a kabari ba."

"Ni na turo shi daga kan dokin? Allah ya ji ƙansa. Amma mai rai ai ba ya fasa cin abinci."

Hester ta ci gaba da goge kofuna.

Sarautar Ellerbeck ta maza ce. Haka sarkin da ya ba kakansu na farko ya yanka: daga uba zuwa ɗansa namiji, in babu sai ɗan'uwa namiji, mata ko sun cika gida a tsallake su. Rupert, wanda ke riƙe da ita, doki ya kā da shi a gefen rafi ya karya masa wuya, ya bar matarsa Cecily, wadda ake kira Lady Ƙarama, da ƙaramin ciki da ƙaninsa Giles. Daga ranar sarautar ta zama a rataye kamar rigar nan. In Cecily ta haifi namiji, jaririn ne Lord tun kukansa na fari, Giles kuma baffa kawai. In mace ce, komai ya koma kan Giles: suna, gida, gonaki da kujerar majalisa a Landan.

A irin waɗannan gidaje ba a cika damuwa da wadda ɗa na biyu ya ɗauko ba. Giles shi ke kula da tumakin gidan, a garke kuma ya fara ganin Hester tana riƙe wa mahaifinta, likitan dabbobi, kwanon ruwan zafi, gashinta duk ciyawa. Da ya sa mata zobe babu wanda ya ɗaga gira. Sai mutuwa ta shigo, aka ɗaga biki.

Abin da Mama ba ta sani ba shi ne, ba a daɗe da binne Rupert ba mahaifiyar su Giles, wadda garin ke kira Lady Babba, ta aiko a kira Hester shan shayi. A dogon zauren nan ta karɓe ta, inda hotunan waɗanda suka riƙe sarautar ke jere a bango, dukansu hanci iri ɗaya.

"Zauna, yarinya. Ba na cizo sai in shayi ya huce."

Ta zuba mata da hannunta, ta tambayi lafiyar mahaifinta da ciwon gwiwarsa, sannan ta ajiye butar.

"Ku nawa ne a wurin mahaifiyarki?"

"Mu huɗu ne, ranki ya daɗe."

"Duk mata. Ita kuma su biyar ne, duk mata. Na bincika. Kada ki ga laifina, mahaifinki ne ya koya mini ba a sayen tunkiya sai an tambayi abin da uwarta ta saba haifa."

Tsohuwar ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma yi fuskar mugunta ba, abin da ya fi komai ciwo ke nan. Ta bayyana mata cewa bayan Giles babu sauran namiji a zuri'ar, na ƙarshe yaƙi ya tafi da shi. In Giles ya hau bai haifi ɗa ba, sunan ya mutu ke nan, a rufe shi a aljihun tebur a Landan. Ta ce akwai 'yar wata ƙawarta da ta tashi a gida irin wannan, mai 'yan'uwa maza har huɗu, wadda za ta dace da Giles.

"In namiji ne, ku yi aurenku, ni zan zaɓo furannin. In mace ce, Giles ba naki ba ne, ba kuma nawa ba ne, na waɗannan ne." Ta nuna bango da cokalin shayi. "Shi ba zai janye maganarsa ba, na san abin da na haifa. Ke za ki sake shi."

Hester ta ajiye kofinta.

"Ba zan ce masa ba na son sa ba, ranki ya daɗe, don ƙarya ce. Amma ba zan ɗaure shi da alkawari ba. In ranar ta zo zan mayar masa da zobensa, ya zaɓa da hannu a sake."

Ta kuma yarda ba za ta faɗa masa wannan zance ba kafin a haihu, don kada ta haɗa ɗa da uwarsa faɗa a gidan makoki.

Tun daga nan ba ta sake samun sukuni ba. Mama na roƙon mace a fili, ita tana roƙon namiji a ɓoye, suna durƙushe a benci ɗaya ranar Lahadi. Ta rame har zoben ya fara juyawa a yatsanta. Duk matar da ta ce ciki ya yi tsini, sai Hester ta ji tana ƙaunarta. Duk wadda ta ce ya yi faɗi, sai ta kasa cin abinci.

Giles ma ya canza. Yau yana Landan wurin lauyoyi, gobe yana zagayen gonakin da dā yayansa ke zagayawa. Wata ranar yamma ta same shi a garke yana duba kofaton wani rago, ya ɗago ya yi mata murmushin gajiya.

"Kin san yanzu ba ni da suna a gidanmu?"

A gidan Ellerbeck namiji ɗaya ake ce wa "ranka ya daɗe", shi ne mai sarauta. Tsoho Metcalfe, shugaban barorin gidan, wanda ya goya su Giles suna yara, tun fil azal "Mista Giles" yake ce masa. Yanzu kuwa yana tsoron ya ce "Mista" ga wanda wataƙila ya riga ya zama Lord, yana kuma tsoron ya ce "ranka ya daɗe" ya ci haƙƙin wanda ke ciki.

"To me yake ce maka?"

"Tari. In yana son magana da ni sai ya tsaya a bayana ya yi tari. Jiya mura ta kama mai dafa abinci, na amsa kira har sau uku."

Hester ta yi dariya. Ya ce mata duk garin babu wanda ya kai shi roƙon namiji, shi tumaki ya iya, ba jawabi a majalisa ba. Ta sunkuyar da kai tana murza zoben.

"In kuma mace ce fa, Giles?"

Ya saki ƙafar ragon ya miƙe yana goge hannu, bai dube ta ba.

"Kowa na yi wa Cecily lissafi a kan cikinta. Ban da ni da ke, Hester. Don Allah."

Ta tafi gida da wannan amsa, ta juya ta ta kowace fuska. Wani lokaci ta ga mutunci ne ya hana shi magana, wani lokaci ta ga hanyar zamewa yake share wa kansa. Ta yi kuka a ɗakin ajiye tuffa inda ƙannenta ba za su ji ba.

Da ciki ya tsufa, ta ɗauki mayafin jarirai da ta saƙa ta nufi babban gida. Fari ta yi shi. Ta sayi zare shuɗi na maza tun farko, amma da ta zauna saƙa sai kunya ta kama ta, ta mayar da shi. Ta tarar da Cecily a lambu, ƙafafunta a kumbure a kan matashi, baƙaƙen kaya sun ƙara mata fari.

Cecily ta warware mayafin ta daɗe tana kallo.

"Fari. Kin san ke kaɗai ce? Akwatina cike yake da shuɗi. Surukata ma ta aiko da shuɗi, ko da yake ban san me take roƙo ba, wataƙila ita ma ba ta sani ba." Ta yi ɗan murmushi. "Zauna ki dube ni a fuska, Hester. Na manta rabon da wani ya fara gaishe ni kafin ya gaida cikina."

Suka zauna. Cecily ta ce ita barin gidan nan ba ya damunta, in mace ce za ta koma ƙaramin gidan da ke bakin ƙofa, ya ma fi ɗumi. Abu ɗaya ke hana ta barci, ƙararrawa. Kowa a garin ya san al'adar: in an haifi magaji a babban gida, ana kaɗa ƙararrawar coci da sauri har yamma. In mace aka haifa, ba a taɓa igiyar.

"Rupert mace yake so. Har suna ya zaɓa. Yanzu in ta zo, babu uba, gari kuma shiru kamar an yi asara. Abin da za ta fara ji a duniya ke nan, shirun mutane."

Hester ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Watanni ke nan tana roƙon Allah a kan cikin matar nan, ba ta taɓa roƙa wa matar kanta komai ba. Ta kama hannunta, hawaye na zuba.

"In babu wanda ya kaɗa mata, ni zan hau in ja igiyar da hannuna, Rabaran ya kore ni daga coci in ya ga dama."

Cecily ta yi dariya har ta riƙe ƙugu, ta ce da waɗannan siraran hannuwa ƙararrawar ce za ta ja ta sama.

Daga ranar Hester ta sauya addu'a. Ta daina cewa namiji. Ta koma cewa Allah ya sauke ta lafiya, ya kuma ba ta ita ƙarfin cika abin da ta ɗauka. Tsoron bai tafi ba, sai dai ta daina jin kunyar kanta.

Ranar ta zo a tsakiyar kakar tuffa. Da hantsi aka ga motar likita ta haura babban gida, kafin a jima duk garin ya sani. Mai nama ya bar ƙofar shagonsa a buɗe don ya ji. Mama ta buɗe tagar kicin duk da sanyi, ta ƙona miya, ta ɗora wa murhu laifi. Hester tana zaune tana feren tuffa, ta yanke yatsa ba ta ji ba. Rana ta take, ta karkata, shiru. Kowane shiru na iya zama ba a haihu ba tukuna, yana kuma iya zama an riga an haifi mace.

Sai ƙararrawa ta buga sau ɗaya.

Wuƙar ta faɗi daga hannun Hester. A hankali ake kaɗa wa mamaci, bugu ɗaya sai a dakata. Ta rufe ido ta ga fuskar Cecily a lambu. Sai bugu na biyu ya biyo, na uku ya tako shi, ƙarar ta ɓarke da sauri tana bin rufin gidaje.

Mama ta zauna daɓas a kujera.

"Namiji. To, shi ke nan. Matar mai gidan waya ba ta san ciki ba, ba ta san komai ba."

Hester ba ta tsaya jin sauran ba. Ta fita da rigar aikinta a jiki, ta ratsa layin da gudu, mutane na fitowa ƙofa suna taya juna murna. A bakin coci ta ci karo da Giles yana fitowa daga hasumiya, ya naɗe hannun riga, gumi na zuba, ya bar wa mai kula da cocin igiyar.

"Cecily?"

"Lafiya lau, su duka biyun."

Ta riƙe shi a gaban kowa, abin da ba ta taɓa yi ba, tana kuka tana gode wa Allah, tana cewa ta ɗauka ta rasa shi. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ga tsoho Metcalfe ya ƙaraso yana haki, hularsa a hannu. Ya tsaya a gaban Giles ya ɗan rusuna. Bai yi tari ba.

"Ranka ya daɗe, Lady Babba tana nemanka. Tana son sanin wanda ya ba da izinin wannan."

Hester ta saki rigar Giles a hankali. Ta dubi tsohon, ta dubi hasumiyar da ke ta ƙara a kansu, ta dubi tafin hannun Giles da igiya ta yi wa ja.

"Mace ce," in ji ta.

"Mace ce. Kyakkyawa, da hancinmu, Allah ya ba ta haƙuri."

Hester ta tuna alkawarin da ta ɗauka. Zoben bai yi gardama ba, da ma ya yi mata yawa. Ta miƙa masa, ta ce ta yi wa mahaifiyarsa alkawari, yanzu hannunsa a sake yake, ba kuma za ta riƙe shi a zuciya ba duk abin da ya zaɓa.

Giles ya karɓa ya juya shi a hannu. Ya ce ya sani, da safen nan uwarsa ta faɗa masa komai suna jira a ƙofar ɗakin haihuwa, tana ganin ta sauƙaƙa masa.

"Watanni kina ɗauke da wannan ke kaɗai, ni kuma ina ba ki labarin tari." Ya girgiza kai. "Cecily ta ce kin yi alkawarin jan igiya. Na dubi hannuwanki na ga gara in riga ki. Zo mu je."

A dogon zauren suka sami Lady Babba a tsaye, sandarta a hannu, hotuna a bayanta. Ta dubi ɗanta, ta dubi 'yar likitan dabbobi da ɓawon tuffa a rigarta. Ta ce tun da aka kafa gidan nan ba a taɓa kaɗa wa mace ba, ya sa gari duka ya yi murnar ƙarya a ranarsa ta farko.

"Ba ƙarya ba ce, Mama. 'Yar Rupert ce ta zo." Ya buɗe tafinsa ya nuna mata zoben. "Hester ta cika miki alkawarinki, ga shi. Kin ce in zaɓa da hannu a sake, to na zaɓa. Ran Lahadi Rabaran zai fara sanar da aurenmu."

"In ta haifa maka mata zalla fa?"

"Sai mu sayi sabuwar igiya, don wannan ta kusa tsinkewa."

Tsohuwar ta buga sandarta a ƙasa. Hester ta ɗauka korar su za ta yi. Ana cikin haka ungozoma ta sauko da jaririyar, ta ce Lady Ƙarama ta ce a kawo wa kakarta. A cikin farin mayafin take. Ba yadda Lady Babba za ta yi, ta jingina sandar ta karɓa. Ta buɗe fuskar da yatsa ɗaya, ta tsaya kallo. Ta taga ƙarar ƙararrawa na shigowa ba ƙaƙƙautawa.

Da ta yi magana, ba da su take ba.

"Ni ce ta fari a wurin mahaifina. An ce da aka faɗa masa, sai ya ɗauki bindigarsa ya tafi harbin tsuntsaye. Da ya rasu wani ɗan baffansa da ba mu taɓa gani ba ya zo ya karɓi gidan, har da kujerar da uwata ke zama." Ta gyara mayafin a wuyan jaririyar. "Ni ma ba a kaɗa mini ba."

Ta zauna da yarinyar a cinyarta. Can ta ɗago ta dubi Hester, idanunta sun kaɗa.

"Wa ya saƙa wannan?"

"Ni ce, ranki ya daɗe."

"Gefen ya karkace. Za ki zo in nuna miki." Ta juya ga ɗanta. "Kai kuma mayar mata da zobenta, ka kai a rage shi. Yarinya ta ƙare a tsaye, kana kallo."

Aka sauko da rigar daga bayan ƙofa aka ƙarasa hannun. Mama ta yi kuka tun daga ƙofar coci har wurin cin abinci, matar Rabaran kuma ta gaishe ta da kyau. Ba a ce Lady Babba ta zama mai sauƙi ba. Ta koya wa Hester yadda ake zaunar da baƙi da yadda ake sallamar su, da faɗa da gyara, amma ba ta sake ambaton tumaki a gabanta ba.

Da Hester ta kai ƙarar uwa wurin ɗa tun ranar shayin nan, da wataƙila ta sami miji ta rasa gida. Da ta yi ƙarya ta ce ba ta son sa, da ta rasa duka biyun. Ta yi haƙuri, ta riƙe gaskiyarta da alkawarinta tare, ta kuma ji tausayin wadda ta fi ta shiga uku a lokacin da ita ma take cikin tsoro. Wannan tausayin ne ya juyo ya buɗe mata ƙofar da asali ya rufe.

Mata uku ta haifa a jere, kowacce an kaɗa mata har yamma, Lady Babba tana zaune a bakin taga tana saurare. Shekarar da na huɗu ya zo, namiji, magajin Ellerbeck, ƙararrawa ta tashi kamar yadda ta saba. Mai nama ya fito ƙofar shagonsa ya kasa kunne, sannan ya cire rigar aikinsa ya haura babban gida da ƙafa, ya tambayi Metcalfe abin da aka samu.